Waƙa ta Takwas a Kaset ɗin Adoyo

Litinin, 27 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

'Yata Adoyo ta kira daga Kisumu. Rabon da in ji muryarta an fi shekara.

"Baba, kaset ɗin nan yana wurinka?"

Na ce wane kaset.

"Ka san wanda nake nufi."

Na sani mana. Kaset ɗaya ta taɓa yi a duniya. Tana da shekara ashirin da biyu, ita da jitarta, waƙa takwas, a wani ɗaki bayan kasuwa. Shekara goma sha tara ke nan. Tun da ta shiga cocin masu fararen riguna take bin sauran kwafinsa gida-gida, tana karɓa tana ƙonawa. Nawa ne kaɗai ya rage.

Ta ce ran Lahadi, sha bakwai ga Mayu, za su hura wuta a harabar cocinsu, kuma shugabansu ya ce a kawo na ƙarshen. Ta ce yau kwanan 'yarta Apondi tara a asibiti. A numfashi ɗaya ta haɗa maganganun biyu, kamar ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Na tambaye ta me likita ya ce. Ta ce likita yana faɗin abin da likitoci ke faɗa.

Na ce ba zan bayar ba. Ta kashe wayar.

Na rubuta a nan don kada gobe wani ya ce tsufa ne. Ni Elkana Ragot, na koyar shekara talatin da huɗu, hankalina yana jikina. Ba zan bayar ba.

Talata, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na ciro shi daga akwatin ƙarfe. Hoton bangon ya koɗe. Adoyo ce cikin rigar aro, ta haɗe rai saboda mai hoto ya ce ta dubi nesa.

Waƙa bakwai nata ne, baiti da kiɗa. Ta takwas ta mahaifiyata ce. Ita ce wadda matan gidanmu ke yi lokacin da ake fito da gawa daga ɗaki. Daga bakin tsohuwar na rubuta ta a littafin makaranta ina saurayi, don na ga za ta bi tsofaffi kabari. Ni na ba Adoyo littafin. Tsofaffi suka ce ba a yin ta inda babu wanda ke kwance. Na ce waƙa waƙa ce.

Wata huɗu bayan fitowar kaset muka binne matata Dorkas, uwar Adoyo. Mutane suka ƙirga watannin nan suka ƙi mantawa.

Hanya ce ta kashe Dorkas. Mota ta kafe a taɓo awa biyar kafin mu kai asibiti. Ina cikin motar, kanta yana kan cinyata. Ba waƙar da ta haƙa ramin hanyar nan.

Alhamis, 30 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na hau babur zuwa kasuwar Akala da rakoda a cinya. Ƙafata ta hagu ba ta yafe mini ba. Na kai wa Ogutu mai gyaran rediyo, tsohon ɗalibina a aji shida, wanda bai taɓa cin lissafi ba.

"Japuonj! Malam! Wannan ai sai a kai ta gidan tarihi, a haɗa da mai ita."

"Gyara. In ba ka iya ba ka sunkuyar da kai kamar yadda ka saba a aji."

"Har yanzu da bulala kake yawo ke nan."

Robar da ke juya ta ce ta tsinke. Ya yanko wata daga cikin tayar keke, ya busa ƙura, ya sa batir. Ya miƙo hannu in ba shi kaset a gwada. Da ya ga bangon sai ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

"Na yarinyar ne?"

"Yarinyar ta kusa aurar da 'ya."

"Gefe na farko kawai, Japuonj. Ina da iyali."

Mutumin da ke cusa yatsa cikin wayar wuta kullum. Na ce masa a banza gwamnati ta biya ni albashi a kansa. Amma da muryar ta fito, ya ajiye abin kwance ƙusa, mai sayar da tumatir ta daina ciniki. Ni ban dubi kowa ba.

Juma'a, 1 ga Mayu, da safe

Waƙa ta ɗaya, ta mai sayar da kifi da ke jiran jiragen ruwan Asembo. Adoyo ta shiga da sauri, tsoro ya kama ta, jitar tana gaba tana bin ta. A baiti na biyu ta riske ta. Bakwai bisa goma.

Ta biyu ta cika magana. Yarinta. Biyar.

Ta uku a kaina ce, duk garin nan ya sani: malamin da ke auna siket ɗin 'yan mata da rula, ya dawo gida ya auna ugali, tuwon masarar gidansa. Wata biyu ban yi mata magana ba a lokacin. Yau na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ta kama yadda nake gyaran murya kafin in yi faɗa, ta sa jita ta kwaikwaya. Ban taɓa auna ugali ba. Sau ɗaya ne. Tara bisa goma.

Asabar, 2 ga Mayu, da rana

Ruwa. Ƙafa. Ba waya.

Lahadi, 3 ga Mayu, ƙarfe biyu

Min Okoth, matar ƙanena marigayi, ita ke kawo mini abinci tun da hannuna ya fara rawa. Yau ta dire kwano ba sallama.

"Na ji muryar Adoyo shekaranjiya tana fita ta tagarka."

"Kunnenki ƙalau ke nan. Mu gode wa Allah."

"Jikarka tana kwance, kai kana nan kana shan kiɗa."

"Jikata tana hannun likitoci."

"Ɗan roba ne fa, Japuonj. Ko cokali ya fi shi amfani. Ka ba yarinya ta samu barci."

Na ce in ɗan roba ne kawai, me ya sa ake hura masa wuta da ganguna. Ta ce wannan bakin nawa shi ya sa ba mai zuwa gidan nan. Wataƙila. Omenar da ta kawo, ƙananan kifin nan, ta yi gishiri.

Talata, 5 ga Mayu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Apondi ta kira da wayar wata nas. Muryar ƙarama, amma bakin yana nan.

"Angona, an ce ka zama ɗan tawaye."

"Amarya, an ce kin ƙi tashi ki dafa mini shayi."

"Shayinka ba sukari, wa zai tashi dominsa?"

Shekararta sha bakwai. Hutun bara ta zo ta yi mini sati biyu, ta tono kaset ɗin ba da izinina ba, ta ji a rakodar maƙwabta. Ta dawo tana kallona kamar na ɓoye mata wata uwa. Ba ta taɓa jin Adoyo ta rera komai ba sai amshin coci.

"Kada ka ba su. In na fito ina so in koyi ta biyar."

Na ce ba zan bayar ba.

"Ka rantse."

Na ce malami ba ya rantsuwa, magana ɗaya yake yi. Ta fara dariya, dariyar ta juye wani abu, nas ta karɓi wayar.

In na fito, ta ce. Na ja layi a ƙarƙashinsa.

Laraba, 6 ga Mayu, da hantsi

Gefe na biyu. Ta biyar ta hannayen uwarta ce, yadda suke warin hayaƙi da sabulu. A nan Adoyo ta daina ƙoƙarin burge kowa. Ana jin numfashinta, ana jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Akwai inda muryar ta karye ba ta sake ɗauka ba, kuma gara da ba ta sake ba. Ban ba da maki ba.

Ta shida da ta bakwai, motar Nairobi da saurayin da bai zo tasha ba. Na san yaron. Gara da bai zo ba.

Na kashe a nan. Batir ya yi sanyi.

Alhamis, 7 ga Mayu, da yamma

Na dawo daga bayan gida na tarar an ɗaga katifa, akwatin ƙarfe a buɗe, rigunan Dorkas a ƙasa. Min Okoth tana tsaye da tsintsiya, wai shara take yi mini. Shekara shida ba ta taɓa share ɗakin nan ba.

"Kin duba cikin tukunya?"

"Allah ya shirye ka."

Kaset ɗin yana cikin safata ta dama, daga sama, na ɗaure da tsumma. Da shi nake zuwa ko'ina. In tana so sai ta kayar da ni, kuma ba wuya.

Na ninke rigunan ɗaya-ɗaya. Na daɗe a kan shuɗiyar.

Juma'a, 8 ga Mayu, da rana

Ba a kawo abinci ba.

Asabar, 9 ga Mayu, da rana

Yau ma. Na dama kunu da kaina, rabi a tukunya rabi a ƙasa. Na sha. Wanda ya yi makarantar kwana a zamaninmu ba a horar da shi da yunwa.

Lahadi, 10 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Sun zo. Su tara, fararen riguna, ganga biyu da ƙararrawa. Reshensu na nan kusa ne, an aiko musu daga Kisumu. Na ji su tun daga gangare, na samu lokacin sa kwat da taye. Na fito da kujera na zauna a bakin ƙofa.

Suka kewaya gidan sau uku suna tsalle. Suka tattake mini lambun albasa. Babbansu, mai jan ɗamara, ya tsaya gabana yana haki.

"Jaduong', dattijo, mutuwa kake ɗauke da ita a jikinka."

"Shekarata tamanin da ɗaya. Ba ka kawo labari ba."

"An nuna mini a ruhu inda ka ɓoye abin."

"To ɗauko."

Ya dubi rufin ɗaki. Ya dubi rumbu. Na ɗora ƙafar dama kan ta hagu a gabansa, na gyara zama.

Ya ce jinin yarinyar yana wuyana. Na tambaye shi sunan yarinyar. Bai sani ba. Wata daga baya ta raɗa masa, ya faɗa ba daidai ba. Na ce su fita mini daga albasa.

Da suka tafi na kasa tashi daga kujerar. Ƙafa ce.

Litinin, 11 ga Mayu, da safe

Kwano a bakin ƙofa, an rufe da faranti. Ugali da ganye. Ba ta shigo ba.

Talata, 12 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Na kira lambar nas ɗin. Ta ce an mayar da ita wani ɗaki. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma minti goma. An ƙara jini sau biyu. Na ce a ba ta waya. Ta ce ba yanzu ba, Baba.

Ba yanzu ba yana nufin an jima. Haka muka koyar.

Laraba, 13 ga Mayu, da rana

Na ji ta biyar sau huɗu.

Batir ƙalau yake. Ƙarya na rubuta ran Laraba waccan, kuma ba na son ƙarya a littafina. Ni na kashe. Tun ranar da muka dawo daga kabarin Dorkas ban bar kaset ɗin nan ya wuce ta bakwai ba. Ba don na yarda da zancensu ba. Ban yarda ba. Hanya ce, taɓo ne, awa biyar.

Yatsana ne yake zuwa da kansa.

Alhamis, 14 ga Mayu, da yamma

Ba zan bayar ba.

Juma'a, 15 ga Mayu, da safe

Ba waya. Na share tsakar gida, na gyara abin da ya rage na albasa. Na yi addu'a irin ta cocinmu, a zaune, ba tsalle.

Asabar, 16 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta a jere, yadda ya faru.

Adoyo ta iso da sha biyun rana. Farin ɗankwali, takalmi duk taɓo. Ta rame. Furfura a goshinta, ba wanda ya gaya mini. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa har sai da na ce ta shigo. Ba ta zauna a kujera ba, ta durƙusa a ƙasa.

"Tashi. Ba a durƙusa mini a gidan nan."

"Baba, jiya ba ta gane ni ba."

Na yi mata bayani. Na yi shi da kyau, kamar a aji: abin da ke cikin jini, abin da magani ke yi, cewa zaren kaset baƙin roba ne da ƙurar ƙarfe. Ta bar ni na gama.

"Na ji. Wataƙila kai ne da gaskiya. Kullum kai ne da gaskiya. To in ni ce na yi kuskure, kaset na ƙona. In kai ne fa, Baba? Me za mu rasa?"



Na ce na yi wa Apondi alkawari. Ta ce Apondi yarinya ce. Na ce ita ma yarinya ce lokacin da ta yi abin da ya fi duk abin da na yi a rayuwata, kuma ba zan zuba ido ta jefa shi a wuta don wani mai jan ɗamara ba. Ta ce ba don shi ba ne. Sai ta faɗi abin da ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

"Gurbin nan, Baba. Kai ka ce in bar shi."

A tsakiyar waƙar akwai inda mata ke kiran sunan mamaci, da na ubansa, da na garinsu. Da za ta ɗauka ta tambaye ni sunan wa za ta sa, tunda ba wanda ya mutu. Na ce kada ta sa na kowa, ta yi shiru, jita ta ci gaba. Na ga dabara ce mai kyau. Har na yi alfahari da ita.

"Shekara sha tara yana buɗe," in ji ta. "Ya ɗauki Mama bai rufe ba. Ko a barci ina jin shirun nan, yana jiran a cika shi."

Na kwance tsumman, na ciro shi daga safa. Ta dubi safar, ta dube ni, saura kaɗan ta yi dariya. Na ce ta bar ni in ji ta takwas sau ɗaya, har ƙarshe. Ta ce ba a gabanta ba. Ta fita, ta tafi can wajen kabarin uwarta, ta toshe kunnuwa.

Na sa. Yatsana ya taso, na zauna a kansa.

Ban san ta yi ta haka ba. Na manta, ko ban taɓa saurara ba. Ba kuka take yi ba. A hankali take yin ta, kamar mai raka baƙo bakin hanya. Muryar mahaifiyata ce a bakin yarinya 'yar ashirin da biyu. Sai gurbin ya zo. Jita kaɗai, bugu takwas. Na ƙirga. Ya fi yadda nake tsammani tsawo.

Na mayar da zaren baya da biro. Na yagi takarda daga bayan littafin nan, na tauna, na toshe ramukan nan biyu na saman kaset da ke hana a ɗauki magana a kansa. Na saurara har bakin gurbin, na danna jan maɓalli, na faɗa da muryar kiran suna a aji. Na saki kafin ta dawo da baiti.

Na kira ta. Na ce guntu kawai za ta ji. Kafin ta kai hannu kunne ya wuce: muryarta, ƙarar maɓalli, sannan wani tsoho yana cewa Elkana, ɗan Ragot, mutumin Gem. Sannan ita kuma.

"Baba! Me ka yi?"

"Na cike. Je ki gaya wa mai ɗamara an rufe."

"Goge shi! Goge shi yanzu!"

"In na goge ya sake buɗewa. Zaɓi."

Ta ɗauki kaset ɗin. Ban hana ta ba, ba ni da ƙarfin. Ta riƙe shi da hannu biyu tana kuka tana zagina, ta ce ni mugun tsoho ne mai taurin kai, tun tana yarinya sai na ci gardama ko da gidan zai rushe. Duk gaskiya ne. Ta tambaya ko in an ƙona yanzu sunan zai tafi da shi, ko kuwa ya tabbata. Na ce ban sani ba, ba fannina ba ne, ta tambayi masu ruhu.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ajiye shi a kan tebur, a hankali, nesa da gefe.

Ta hura wuta ta dama mini kunu, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta bi motar ƙarfe huɗu, don minti goman nan na yamma.

Na ɓata bugu takwas na jitarta. Wannan ne kaɗai nake nadama.

Lahadi, 17 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ta kira tun shida da rabi.

"Baba?"

"Wa kike tsammani?"

Ina jin numfashinta. Ta ce ba za ta je wajen wutar ba, tana bakin ɗakin. Ta ce jikin yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ta ce in ci abinci, kada in hau babur, kada in je rijiya. Na ce ba a ba ni umarni a gidana.

Ban yarda da ko ɗaya daga cikin zancen nan ba. Ina so a rubuce yake.

Na yi aski. Na sa kwat da taye. Na buɗe ƙofar shinge har bango, na fito da kujera inda ake hango ni tun daga hanya. In akwai mai yawo da suna a hannu yana neman mai shi, kada ya wahalar da kansa zuwa Kisumu. Ga ni nan zaune.